Bibiyar Jinin Ɗan Jarida: Aikin Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu a Shari'o'in Deyda Hydara da Norbert Zongo

Tsakure

Jama'a sun fi sanin ƙungiyoyin kare 'yancin aikin jarida da abubuwa biyu: sanarwar Allah wadai da suke fitarwa idan an kashe ko an tsare ɗan jarida, da jadawalin da suke jera ƙasashe a kansa kowace shekara. Wannan takarda ta ɗauki kisan 'yan jarida biyu na Afirka ta Yamma, Norbert Zongo na Burkina Faso a 1998 da Deyda Hydara na Gambiya a 2004, ta bi diddigin abin da ƙungiyoyin suka yi bayan an binne su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, adana shaida da naci a kotu sun fi kowane ɓangare na aikin ƙungiyoyin ɗorewa, ko da yake su ne suka fi jinkiri, kuma ba safai suke shiga kanun labarai ba. Takardar ta kuma duba yadda ake rufe ƙofofin kotunan da wannan aiki ya dogara da su.

1. Gabatarwa

Hukumar UNESCO ta daɗe tana faɗar cewa kusan tara cikin kowane kisa goma da aka yi wa 'yan jarida ba a hukunta kowa a kansa. Shekaru suna ta tafiya, wannan ƙiyasi bai motsa sosai ba. A gefe guda kuma ƙungiyoyin da ke yaƙi da lamarin sun yi yawa, sun kuma manyanta. Tarayyar 'yan jarida ta duniya, IFJ, tana nan tun 1926. An kafa Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, a birnin New York a 1981, Reporters Sans Frontières, wato RSF, a Faransa a 1985, sai Article 19 a Landan a 1987. A yankinmu akwai Gidauniyar Kafafen Watsa Labarai ta Afirka ta Yamma, MFWA, wadda ke Accra tun 1997. Dokoki da ƙudurori ma ba a rasa ba: sanarwar Windhoek ta 1991 wadda ta haifar da ranar 'yancin aikin jarida ta duniya ta 3 ga Mayu, ƙudurorin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya masu lamba 1738 na 2006 da 2222 na 2015, da shirin Majalisar na 2012 kan tsaron lafiyar 'yan jarida.

Mai tambaya na da hujja idan ya ce: to ina amfanin duk wannan? Jimillar alƙaluma ba za ta amsa masa ba. Sai an ɗauki shari'a ɗaya an bi ta shekara da shekaru kafin a ga wane mataki ne ya haifar da wani abu, wane ne kuma ya bi iska.

2. Ƙidaya da kunyatarwa

Tushen aikin manyan ƙungiyoyin shi ne ƙidaya. CPJ tana ajiye sunayen 'yan jaridar da aka kashe tun daga 1992, kuma tana bambanta wanda ta tabbatar saboda aikinsa aka kashe shi da wanda ba a gano dalili ba tukuna. Daga 2008 ta fara fitar da jadawalin ƙasashen da makasan ke cin karensu ba babbaka, inda take auna yawan kisan da ba a hukunta ba da yawan al'ummar ƙasa. RSF kuwa tun 2002 take fitar da nata jadawalin, wanda yanzu ya ƙunshi ƙasashe 180. Alƙaluman ƙungiyoyin kan saɓa wa juna saboda kowace da ma'auninta, kuma gwamnatoci kan fake da wannan saɓani su ce duk ƙarya ce.

Ƙidaya ba ƙaramin aiki ba ce. Da ba don ita ba, da babu wanda zai iya faɗa da hujja cewa 'yan jarida da ma'aikatan kafafen labarai aƙalla 124 aka kashe a 2024, adadi mafi yawa da CPJ ta taɓa rubutawa zuwa wannan shekarar, kuma 85 daga ciki sojojin Isra'ila ne suka kashe su. Amma manufar ƙidayar ita ce a kunyata mai laifi, kunya kuwa sai ga mai jin ta, ko wanda ke tsoron ta janyo masa asarar bashi, tallafi ko kujera a taron ƙasashe. Wanda yake da mai, ko makamai, ko babban uban gida, jadawali ba ya hana shi barci. An kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoba, 2018. Babu ƙungiyar da ba ta yi magana ba, mai bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Agnès Callamard, ta fitar da rahoto mai kaifi a 2019, amma a Afrilun 2022 kotun Turkiyya ta tattara shari'ar ta miƙa wa Saudiyya, daidai lokacin da Ankara ke neman gyara dangantakarta da Riyadh.

Inda matsin lamba ya fi cin nasara shi ne a kan wanda yake raye a kurkuku. Masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa sun san Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa da ke arewacin Kamaru a Yulin 2015. Kotun soja a Yawunde ta yanke masa shekara goma a Afrilun 2017 a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci. RSF da CPJ da tashar da yake wa aiki ba su bar maganar ta kwanta ba, CPJ ta ba shi lambar yabonta yana tsare, kuma a Disamban 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin aka sake shi. Sai dai a tuna cewa Ahmed Abba yana da babbar tasha ta ƙasar Faransa a bayansa. Samuel Wazizi, mai gabatar da shiri a wata ƙaramar tashar talabijin a Buea, an kama shi a Agustan 2019, ya mutu a hannun sojoji cikin watan, hukuma ba ta amsa mutuwarsa ba sai a Yunin 2020. Ƙasa ɗaya ce, ƙungiyoyin da suka yi kuka su ne dai, amma sakamakon ya sha bamban.

Ko ranar tunawa ba ta tsira daga wannan fifiko ba. Ƙungiyoyin fafutuka sun fara zaɓar 23 ga Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da rashin hukunci, don tunawa da kisan kiyashin Maguindanao na 2009 a Filifin, inda aka hallaka mutum 58, 32 daga cikinsu 'yan jarida da ma'aikatan kafafen labarai na yankin. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tashi ayyana ranar a 2013, sai ta ɗauki 2 ga Nuwamba, ranar da aka kashe Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI a Kidal.

3. Banjul: shekara goma sha tara

Deyda Hydara na cikin waɗanda suka kafa jaridar The Point, kuma shi ne wakilin kamfanin dillancin labarai na AFP da na RSF a Gambiya. A daren 16 ga Disamba, 2004, ranar da jaridar ta cika shekara 13, ya tashi daga ofis ya ɗauki ma'aikatansa mata biyu zai sauke su gida. A unguwar Kanifing wasu mutane cikin tasi suka buɗe wa motarsa wuta. Ya mutu nan take, matan biyu suka ji rauni. Kwana biyu kafin nan majalisar ƙasar ta zartar da dokokin takura wa jaridu waɗanda Hydara ya fito fili ya ce zai ƙalubalanta.

Gwamnatin Yahya Jammeh ta ba hukumar leƙen asiri ta ƙasa, NIA, binciken. Rahoton da hukumar ta fitar a 2005 ya fi mayar da hankali ga tonon rayuwar mamacin fiye da neman makasansa. Daga nan hukuma ta yi shiru. RSF ta gudanar da nata binciken ta wallafa, ƙungiyar 'yan jaridar Gambiya ta riƙa tunawa da ranar duk shekara, The Point kuma ta riƙa buga hotonsa a shafin farko da tambayar wa ya kashe shi. A 2009 an ɗaure 'yan jarida shida saboda wata sanarwa da ƙungiyarsu ta fitar tana mayar wa Jammeh martani kan kalaman da ya yi game da marigayin. A wancan lokaci wanda ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, da wuya a iya musa masa.

Hanyar da ta rage ita ce Abuja. Tun 2005 aka ba kotun ECOWAS da ke can hurumin sauraron ƙarar ɗaiɗaikun mutane kan take haƙƙin ɗan Adam, kuma ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba. Wannan sassauci shi ne ya sa ta zama mafaka ga wanda alƙalan ƙasarsa ke tsoron fadar shugaban ƙasa. MFWA ce ta fara gwada ta da ƙarar Ebrima Manneh, ɗan jaridar Daily Observer da jami'an tsaro suka ɗauke a 2006 ba a sake ganinsa ba. A 2008 kotun ta umarci a sake shi a biya shi dala 100,000. A 2010 ta ba wani ɗan jarida, Musa Saidykhan, dala 200,000 saboda azabtarwar da aka yi masa. A ƙarshen 2011 'ya'yan Hydara tare da reshen Afirka na IFJ suka shigar da tasu ƙarar, lauyoyin Open Society Justice Initiative na tsaya musu. Ranar 10 ga Yuni, 2014 kotun ta yanke cewa Gambiya ba ta yi binciken kirki ba. Ta lura cewa ko gwajin harsasan ba a yi ba, kuma hukumar da aka ba binciken ita ce wadda ake zargi da yi wa marigayin barazana. Ta ba iyalin diyyar dala 50,000.

Jammeh bai biya ko sisi ba a duk shari'o'in uku. A nan ne masu sukar wannan hanya suke tsayawa, suna cewa hukuncin da babu ɗan sandan da zai zartar da shi takarda ce kawai. Amma Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana. Jammeh ya faɗi zaɓe a Disamban 2016, ya tsere zuwa Equatorial Guinea a Janairun 2017. Gwamnatin Adama Barrow ta tarar da hukunce-hukuncen suna jiran ta, ga MFWA da ƙungiyar 'yan jaridar ƙasar a bakin ƙofa suna tuni, ta fara biyan diyyar a 2018. A Yulin 2019 wani soja mai suna Malick Jatta, ɗaya daga cikin 'yan ina-da-kisan da ake kira Junglers, ya zauna gaban hukumar gano gaskiya da sasantawa ta ƙasar, ana watsawa kai tsaye, ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka harbi Hydara, ya ce umarnin daga Jammeh ya fito, kuma an ba su kuɗi bayan aikin.

Sai kuma Jamus. Wani tsohon soja, Bai Lowe, wanda ya tuƙa motar makasan, ya je can neman mafaka, kuma tun a 2013 ya yi hira da wata kafar 'yan adawar Gambiya da ke ƙetare yana ba da labarin ayyukan rundunar. Dokar Jamus ta ba kotunanta ikon hukunta laifin cin zarafin bil'adama ko a ina aka aikata shi. An kama shi a 2021, aka gurfanar da shi a garin Celle a 2022, ɗan marigayin, Baba Hydara, ya shiga shari'ar a matsayin mai ƙara da taimakon ƙungiyoyi irin su TRIAL International da ECCHR. Ranar 30 ga Nuwamba, 2023 aka yanke wa Lowe ɗaurin rai da rai.

Lowe direba ne, ba wanda ya ba da umarni ba, kuma Jammeh yana nan a inda yake. Duk da haka, abin lura ga manazarci shi ne yadda kowane mataki ya tsaya a kan wanda ya gabace shi. Binciken RSF da rahotannin jaridu sun shiga takardun ƙarar Abuja, hukuncin Abuja ya zama bashin da sabuwar gwamnati ta gada, zaman hukumar gano gaskiya ya fito da bakunan da suka yi shekara 15 a rufe, masu gabatar da ƙara na Jamus suka sami abin kamawa. Babu ƙungiya ɗaya da ta tsara wannan tun farko. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ƙin yarda a rufe fayil ɗin.

4. Sapouy

Labarin Norbert Zongo ya fi na Hydara tayar da ƙura a cikin gida, amma ya fi shi tafiyar hawainiya a kotu. Shi ne editan jaridar mako-mako ta L'Indépendant, kuma yana binciken mutuwar David Ouédraogo, direban François Compaoré, ƙanen shugaba Blaise Compaoré, wanda ya mutu bayan azabtarwa a hannun sojojin fadar shugaban ƙasa. Ranar 13 ga Disamba, 1998 aka tsinci gawar Zongo da ta abokan tafiyarsa uku a ƙone cikin mota a kan hanyar Sapouy, kudu da Wagadugu.

Zanga-zangar da ta biyo baya ta tilasta wa gwamnati kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, har da shugaban RSF na lokacin a ciki. Rahotonsa na Mayun 1999 ya ambaci sojojin fada shida a matsayin waɗanda ake zargi. Mutum ɗaya kawai aka tuhuma, Marcel Kafando, kuma a 2006 alƙali ya kori ƙarar bisa hujjar rashin shaida. Wadda ta riƙe wuta ita ce ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, MBDHP, ba wata ta ƙetare ba. Ita da iyalan mamatan suka kai ƙara Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Disamban 2011. A Maris ɗin 2014 kotun ta sami Burkina Faso da laifin sakaci wajen neman makasan, ta kuma ce wannan sakaci ya taɓa 'yancin faɗar albarkacin baki, domin yana jefa tsoro a zukatan sauran 'yan jarida. A 2015 ta umarci a biya iyalan diyya a sake buɗe bincike. Ita kanta MBDHP diyyar da aka yanke mata sefa ɗaya ce tak, ta alama.

Kamar a Gambiya, sai da mulki ya sauya hukuncin ya yi aiki. Boren jama'a ya kori Blaise Compaoré a Oktoban 2014, aka sake buɗe fayil ɗin, aka tuhumi tsofaffin sojojin fada uku a 2015, aka kama François Compaoré a filin jirgin saman Paris a Oktoban 2017. Kotunan Faransa sun amince a miƙa shi, gwamnati ta sa hannu. Sai sojoji suka yi juyin mulki sau biyu a Wagadugu a 2022. A Satumban 2023 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ba za a miƙa shi ba sai Faransa ta sake duba alkawuran da gwamnatin farar hula ta ɗauka kan yadda za a riƙe shi, tunda wadda ta ɗauki alkawarin ba ta nan. Kafin shekarar ta ƙare Faransa ta soke takardar miƙa shin. Sauyin mulkin da ya buɗe ƙofa, irinsa ne ya zo ya rufe ta.

Wanda zai auna wannan shari'a da yawan waɗanda aka ɗaure zai ce an yi asara. A ganina ma'aunin ya yi kaɗan. Hukuncin Zongo ya kafa ƙa'idar cewa gazawar gwamnati wajen binciken kisan ɗan jarida laifi ne da za a iya kai ta ƙara a kansa, kuma lauyoyi a sauran ƙasashen nahiyar suna kafa hujja da shi. A shekarar ta 2014 kotun ta Arusha ta yanke, a ƙarar Lohé Issa Konaté wadda ƙungiyar lauyoyi ta Media Defence ta ɗauki nauyi, cewa ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna ya wuce kima, Burkina Faso ta gyara dokarta a 2015.

5. Ƙofofin da ake rufewa

Duk wannan aiki ya dogara da samun kotun da ke sama da ta gida, kuma gwamnatoci sun gane haka. Kotun Arusha ba ta karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi kai tsaye sai daga ƙasar da ta sa hannu a wata takardar amincewa ta musamman. Ruwanda ta janye tata a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun a 2019, Benin da Kwaddibuwa a 2020, Tunisiya a 2025. Nijeriya ba ta taɓa sa hannu ba. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta raba 'yan jaridar ƙasashen uku da kotun Abuja a daidai lokacin da suka fi bukatarta. A Yamai an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, aka dakatar da ayyukan Gidan 'Yan Jarida a Janairun 2024, aka rufe BBC na wata uku a Disamban shekarar. A Wagadugu an rushe ƙungiyar 'yan jaridar ƙasar a Maris ɗin 2025, aka ga shugabanninta a bidiyo sanye da kakin soja bayan an tilasta musu zuwa fagen daga.

Gwamnatocin soja na Sahel suna da amsa a shirye ga duk sanarwar da ta fito daga Paris ko New York: 'yan koren Turawa ne. Zargin yana samun kunnen sauraro, kuma ƙungiyoyin ba su kuɓuta gaba ɗaya daga abin da ya jawo shi ba. CPJ ba ta karɓar kuɗin gwamnati, amma RSF tana karɓar tallafi daga hukumomin Faransa da Tarayyar Turai, ƙananan ƙungiyoyin Afirka da dama kuma da kuɗin waje suke biyan haya da albashi. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna yadda wannan dogaro yake da haɗari. Aikin da ke ɗaukar shekara 19 ba ya jituwa da tallafin da ake sabuntawa duk shekara biyu, kuma masu ba da kuɗi sun fi son taron bita da za a ɗauki hotonsa fiye da kuɗin lauyan da zai yi ta zirga-zirga ana ɗage masa zama.

A Nijeriya ƙofar Abuja tana buɗe, kuma an yi amfani da ita. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 da 2022 cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi wa sashen gyara a 2024, ko da yake 'yan sanda ba su daina kama 'yan jarida da sunan dokar ba. Ta fuskar kisa kuwa fayilolin suna nan a buɗe: Dele Giwa da bam ɗin cikin ambulan ya kashe a gidansa da ke Ikeja ranar 19 ga Oktoba, 1986, Bagauda Kaltho wakilin mujallar TheNews a Kaduna da ya ɓace a zamanin Abacha, Zakariyya Isa na NTA da aka kashe a Maiduguri a 2011, Enenche Akogwu na Channels da aka kashe a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ta umarci gwamnati ta binciki kashe-kashen 'yan jarida ciki har da na Dele Giwa, ta gurfanar da masu hannu. Shekara 37 ke nan da 'yan watanni bayan kisan, shaidu da dama sun riga mu gidan gaskiya. Tambayar da ya kamata sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu da ƙungiyar 'yan jaridar Nijeriya, NUJ, su ɗauka daga wannan takarda ita ce, a hannun wa bayanan shaidun Kano da Maiduguri suke, an rubuta su an sa hannu, kuma a ina aka ajiye kwafinsu.